Labo ta ce asid urik ya hau kina da ciki? Ga yadda za ki bi da takardar

Ƙanwata da ke aure a Marwa ce ta turo min hoton takardar labo da daddare, cikinta wata bakwai, an ja layi da biro ƙarƙashin acide urique 62 mg/L, tana kuka wai maƙwabciyarta ta ce mata ciwon gwiwar tsofaffi ne ya kama ta, ta daina cin nama kawai zai sauka. Na ce mata ajiye zancen nama tukun, nawa tansiyon ɗinki, wato awon hawan jini, a awon ƙarshe? Shiru. Ba ta sani ba, alhali yana rubuce cikin karne ɗinta, wato littafin awo. To daga nan matsalar take, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Asid urik wani datti ne da jiki ke samarwa kullum, ƙoda ce ke tace shi ya fita ta fitsari. A farkon ciki ƙoda tana ƙara himma, sai ya sauka ƙasa da yadda kike da shi kafin ciki, daga baya ya riƙa hawa a hankali, dab da haihuwa ya koma kusan inda yake da. Kin ga ke nan lamba ɗaya ma'anarta biyu, 55 a wata tara ba abin mamaki ba ne sosai, amma 55 a wata shida sai an ɗaga ido an duba. Dalili kuwa, idan hawan jinin masu ciki ya fara taɓa ƙoda, wanda ake kira preklamsi, tacewar na raguwa sai dattin ya taru cikin jini.

Abu na farko ki duba ma'aunin da aka rubuta kusa da lambar. Labo ɗinmu na nan Kamaru sun fi rubuta mg/L, in kin haye Najeriya ko kin shiga intanet za ki ga mg/dL, sai ki raba da goma, 62 ya zama 6.2. Wasu kuma µmol/L suke sawa, a nan 60 mg/L yana kusan 360. Na ga wadda ta ga 300 a takarda ta kusa suma, ashe ma'aunin ne daban.

Sai babban aikin, ki buɗe karne ki nemo tansiyon. Iyaka ita ce 140/90, wato abin da masu jinya ke cewa sha huɗu da tara. In ya kai nan bayan ciki ya wuce sati 20, aka sake gwadawa bayan wasu awoyi yana nan, hawan jini ne. In ya kai 160/110 wannan ba ta jiran gobe ko dawowar maigida daga kasuwa, asibiti yanzu. Kuma dan Allah kar ki sauka daga kan babur cikin ranar Garwa ta watan Afrilu ki miƙa hannu a gwada, ki zauna kamar minti biyar, bayanki a jingine, hannu daidai ƙirji, ki yi shiru har a gama. Bayan haka ki ce a tsoma miki ɗan tsinken nan cikin fitsari a ga ko furotin na fita. Tansiyon da fitsari su ne ke yanke hukunci, asid urik ɗan rakiya ne, shi kaɗai likita ba ya cewa kina da preklamsi kuma shi kaɗai ba a cire jariri saboda shi. Amma in ya hau tare da tansiyon, likita zai ƙara sa ido, ya duba ƙoda da hanta da jini, ya yi eko ya ga girman yaro.

Zafi da ƙarancin shan ruwa da azumi su ma suna ɗaga asid urik, don haka ki faɗa wa likita in kina azumi ranar da aka ɗebi jinin. Rage hanta da kayan ciki da lemun kwalba ba laifi, ruwa kuwa ki sha sosai, sai dai wallahi ba wani abinci da ke warkar da preklamsi, tushenta daga mabiyiya ne, sai an haihu take fara tafiya.

Maganin masu ciwon gaɓoɓi da ake saya a gefen titi don sauke asid urik, ki bar shi inda yake. Haka diklofenak da ibuprofen, suna wahalar da ƙodar da dama a gajiye take. In kina shan kaptopiril tun kafin ciki ki kai wa likita kwalin ya canza miki, akwai waɗanda suka dace da masu ciki irin su Aldomet da nifedipin. Mai cikin fari, mai tagwaye, mai suga, mai ciwon ƙoda, wadda ta haura 40, da wadda ta taɓa jijjiga a wani ciki, ku je awo da wuri, don ƙaramin aspirin da ake bai wa masu haɗari daga wajen sati 12 ake fara shi, ga kuma kalsiyom, amma likita ne zai rubuta ba ke ba. Hukumar lafiya ta duniya tun 2016 ta ce awo takwas, mu kuma sai ciki ya turo zani muke zuwa na farko. In kuɗi ne, ki tambayi zancen cek sante, tsarin da ke rage wa masu ciki kuɗin awo da haihuwa, a asibitin unguwarku.

Alamun da ba a jira da su: ciwon kai mai tsanani da parasetamol bai taɓa ba, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, fuska da hannu su kumbura lokaci guda har zobe ya ƙi fita, numfashi sama-sama, ko yaro ya rage motsi. In mai ciki ta fara jijjiga, iyaye mata ku yi haƙuri, ba iska ba ce, kar a tsaya hayaƙi, kar a cusa mata cokali a baki, kar a ɗura mata ruwa, a kwantar da ita a gefen hagu a nemi mota, allurar magneziyom da ke tsayar da abin tana asibiti.

Bayan haihuwa ma ba a gama ba, tansiyon na iya tashi cikin kwanakin farko har zuwa sati shida, daidai lokacin da ake ɗura wa mai jego kunun kanwa safe da yamma, ita kuwa kanwa 'yar uwar gishiri ce wajen ɗaga jini. Ki roƙi inna ta sassauta, ki koma a gwada ki kafin suna.

Ƙanwar tawa da ta koma washegari tansiyon ɗinta 15/10 ne, wato 150/100, an ba ta magani an ce ta riƙa zuwa awo duk sati, naman kuma tana ci abinta.