Zaman share fage: inda mai ƙara ke kayar da kansa tun ba a kira shaida ba

Mutane da yawa da suka kai ƙara babbar kotu suna ɗauka shari'a tana farawa ne ranar da shaidu suka buɗe baki. Duk zaman da ya gabaci wannan, a ganinsu, harkar lauyoyi ce, su je ko kada su je duk ɗaya. Wannan zato ya kashe ƙararraki masu ƙarfi.

A shekarar 2004 babbar kotun jihar Legas ta shigar da zaman share fage cikin ƙa'idojinta na shari'un da ba na laifi ba, irin su bashi, fili da kwangila. Jihohi da dama suka bi sahu, har da Kaduna a 2007. A wannan zama ne alƙali ke tantance ainihin abin da ake jayayya a kai, ya tsara ranaku, ya kuma gwada ko za a yi sulhu. Ƙa'idar Legas ta 2004, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2012, ba ta yi sassauci ba: in mai ƙara ko lauyansa bai halarta ba, a kori ƙarar. In wanda ake ƙara ne bai zo ba, a yanke hukunci a kansa.

Abin da ya fi ba ni takaici ba rashin zuwan ba ne, kowa na iya kwanciya rashin lafiya ko mota ta lalace masa a hanya. Zaman jira bayan an kori ƙarar shi ne asarar. Ƙa'idar ta ba da kwana 7 kacal a nemi alƙalin ya janye hukuncinsa, ko ɗan ƙarin da shi ya yarda da shi. Mutum zai ji labari, ya yi mako biyu yana fushi da lauya, yana neman shawarar 'yan majalisar unguwa, kafin ya motsa ƙofa ta rufu. Gyaran shi ne a ranar da ka ji, a ranar lauya ya shigar da buƙata, haɗe da takardar rantsuwa mai bayyana dalili dalla-dalla. In asibiti ka kwana, kawo takardar likita. Sannan a haɗa da alkawari a rubuce cewa za a shiga zaman da gaske, domin ƙa'idar ta nemi haka, kuma nan wasu ke mantuwa. Adadin kwanakin yakan bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka tun ranar shigar da ƙara ka tambayi lauyanka na jiharku.

Wasu kuma sukan zo, amma hannu rabbana. Lauya bai karanta fayil ba, ba a cike takardar bayanan zaman ba. Ƙa'idar ta haɗa wanda ya zo ba shiri da wanda bai zo ba a ma'auni ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu jiran kotu ta kira su, alhali mai ƙara ne ya kamata ya nemi a sa ranar zaman, cikin kwana 14 bayan an gama musayar takardu, kamar yadda ƙa'idar Legas ta 2004 ta tanada. In ya yi shiru, abokin shari'arsa na iya neman a kori ƙarar.

Sai masu garzayawa kotun ɗaukaka ƙara da zafin rai. Haƙƙinka ne, kuma kana da wata 3 in hukuncin na ƙarshe ne. To amma shekaru za ka iya yi a can, kuɗi na zuba, a kan abin da alƙalin farko zai iya warwarewa cikin makonni. Kuma kada ka dogara da cewa laifin lauya ne; kotuna kan tausaya, amma sukan tambaya kai me ka yi don bibiyar shari'arka.

Kafin komai, a je wurin magatakardan kotu a duba fayil, a ga ko akwai shaidar cewa masinja ya kai sanarwar zaman. In ba a sanar da kai ko lauyanka ba, magana ta canja. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma hukuncin da aka yanke ba tare da sanarwa ba abin rushewa ne.