Ɗan Birtaniya mai shirin ƙaura: duba takardu kafin rana da teku

Da yawa suna zaton fasfo ya wadatar. Tun 2021, ɗan Birtaniya ba ya wuce kwana 90 cikin 180 a Sifaniya ko Faransa ba tare da biza ba, ko da ya sayi gida a can. Nemi bizar zama tun kana Birtaniya.

Batun fanshon gwamnatin Birtaniya ya fi ciwo. Idan kana zaune a Ostareliya, Kanada ko New Zealand ba a ƙara shi duk shekara, yana tsayawa inda ya fara, tsadar kaya na cinye shi. A Tarayyar Turai da Amurka kuwa ana ƙarawa.

Sanar da HMRC, hukumar harajin Birtaniya, tafiyarka da fom P85. Kulawar NHS, hukumar lafiya ta Birtaniya, ta mazauna ƙasar ce, sai ka tanadi inshorar lafiya, ko fom S1, wanda da shi Birtaniya ke ɗaukar nauyin kula da lafiyarka a can, idan ɗan fansho ne kai mai ƙaura zuwa Tarayyar Turai.