Darasi na 7: Wa ke da hanyar ƙauyenmu?

A watan Agusta, idan ruwa ya yi ƙarfi, akwai ƙauyukan da mota ba ta shiga. Manomi ya cika kwandunansa da tattasai, ya tsaya bakin rafi yana hangen tsallake. Ɗan acaɓa ya ninka kuɗi. Kafin a isa kasuwar Kumo, na ƙasan kwando ya dagargaje. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mace mai naƙuda da ake ɗorawa a amalanken shanu, ana bin laka da ita zuwa asibiti.

Mukan ce gwamnati ta manta da mu. To, wace gwamnatin? Manyan tituna irin na Gombe zuwa Bauchi na gwamnatin tarayya ne, hukumar FERMA ke cike ramukansu. Akwai na jiha. Hanyoyin burji da ke haɗa ƙauye da ƙauye kuwa, yawancinsu a wuyan ƙaramar hukuma suke. Wanda ya kai kukansa ƙofar da ba ita ba, zarya kawai zai yi ta yi.

Kuɗin aikin namu ne. Duk wata ana raba kuɗin asusun tarayya a Abuja, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Gwamnatin jihar Gombe tana da shirin Network 11-100, wato kilomita 100 a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 11. Sai shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ke sa hannu a ciki. Ku lura, kuɗin bankin rance ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya.

A nan ne karatunku zai yi rana. Inda aka fara aiki akan kafa allo a bakin hanya. Ku tsaya ku karanta: sunan aikin, wanda ya ba da kwangilar, da sunan ɗan kwangila. Sannan ku dubi aikin kansa. An sa kwalbati a inda ruwa ke tsallakawa? An haƙa magudana? Ku ne kuka san inda ruwa ke bi, injiniya baƙo ne. Hanyar da babu kwalbati, damina ɗaya ta isa ta cinye ta.

Idan kun ga gyara, ku rubuta wa kansilanku takarda, mai unguwa ya sa hannu, ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi ɗaya.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan hanyar da yake bi zuwa kasuwa da wuraren da ruwa ke yanke ta. Wanda akwai allon aiki kusa da shi, ya kwafo abin da ke jiki, mu karanta tare a aji.