Yadda Ake Tsara Matsayin Alamomin Sauti Hagu da Dama a Manhajar LilyPond

LilyPond manhaja ce ta buga rubutun kiɗa wadda Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen, 'yan ƙasar Holan, suka fara ginawa a shekarar 1996. Ba a jan alama da linzamin kwamfuta a cikinta. Ana rubuta sautukan ne a matsayin haruffa da lambobi, ita kuma ta yanke wa kowace alama inda za ta zauna a kan layuka biyar da ake rubuta kiɗa a kansu. Galibi hukuncinta daidai yake, amma akwai lokacin da muryoyi biyu, wato jerin sautuka biyu masu tafiya lokaci guda, ke hawa kan juna, ko alama ta matse wa maƙwabciyarta. Hanyoyin gyara suna da yawa, kuma abin da ya bambanta su shi ne lokacin da kowacce ke aiki: wasu kafin manhajar ta lissafa tazara, wasu kuma bayan ta kammala. Misalan da ke nan sun dace da sigar 2.24.

Da farko dai a san ma'auni. Yawancin nisa ana auna shi ne da gurbi, wato tazarar da ke tsakanin layi da layin da ke binsa. Manhajar tana duba gajeren sautin da ya fi yawa a kiɗan, ta ba shi gurbi 2.4, sannan duk sautin da ya ninka tsawonsa ta ƙara masa gurbi 1.2. Idan sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na tsawon cikakken sauti, ne ma'aunin, rubu'i zai sami 3.6, rabi kuma 4.8, kafin a miƙe sahun, wato jerin kiɗan daga hagu zuwa dama, ya cika faɗin takarda. Saboda haka, idan duk shafin ne ya cunkushe, ɓata lokaci ne a riƙa tura alamomi ɗaya bayan ɗaya, ƙa'idar kanta ya kamata a gyara:

\override Score.SpacingSpanner.spacing-increment = #2

Kalmar Score ta farko dole ce, domin tazara hurumin dukkan kiɗan ne ba na murya guda ba, kuma idan aka manta da ita umarnin zai wuce ba tare da ya canza komai ba. Wanda yake son sabuwar tazarar ta fara daga tsakiyar kiɗan sai ya sa \newSpacingSection kafin umarnin.

Idan wuri ɗaya ne kawai ke buƙatar sarari, abin da za a taɓa shi ne NoteColumn, wanda ya tattara kan alamar (ɗigon da ke zama a kan layi ko a gurbi) da sandarta da duk sautukan da muryar ke bugawa a lokaci guda. Da yake umarnin yana da tsawo, ya fi sauƙi a naɗe shi cikin ɗan aiki na harshen Scheme, harshen da manhajar ke fahimta:

matsa =
#(define-music-function (nisa) (number?)
   #{ \once \override NoteColumn.X-offset = #nisa #})

Daga nan, rubuta c'4 \matsa #2 d'4 e'4 f'4 zai tura alama ta biyu dama da gurbi biyu, lamba mai alamar ragi kuma ta jawo ta hagu. Kalmar \once ce ke taƙaita canjin ga wannan lokaci kaɗai. In babu ita, duk alamomin da ke biye za su matsa har sai an rubuta \revert. Kyawun wannan hanya shi ne manhajar tana sane da matsawar tun kafin ta gama lissafi, don haka maƙwabta sukan gusa su ba da wuri.

Karon muryoyi biyu a kan layuka ɗaya shi ne ya fi ba mutane wahala. Kafin a yi tunanin tura komai, a tabbata an sanar da muryoyin da \voiceOne da \voiceTwo, ko da na uku da na huɗu, domin da wannan ne manhajar ke sanin wace sanda ke kallon sama, wace ke kallon ƙasa, da kuma wacce za ta kauce wa wata. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. In bai wadatar ba, \shiftOn da \shiftOnn suna canza matakin kaucewar, sannan wanda yake son nisa na musamman ya rubuta \once \override NoteColumn.force-hshift = #1.5. A kula da abu biyu a nan. Ma'aunin force-hshift faɗin kan alama ne, ba gurbi ba, kuma aikinsa yana cikin warware karon muryoyi ne, don haka a murya tilo ba za a ga tasirinsa ba.

Inda shirye-shiryen kwamfuta ke nuna amfaninsu sosai shi ne lokacin da dokar matsawar ta dogara da yanayin alamar. A maimakon lamba, ana iya bai wa X-offset aikin da manhajar za ta kira a kan kowace alama, ya duba ta, ya mayar da nisan da ya dace. Ga wanda ke ƙara sarari kafin duk tarin sautukan da ya haura biyu:

#(define (buɗa grob)
   (let ((kawuna (ly:grob-object grob 'note-heads)))
     (if (and (ly:grob-array? kawuna)
              (> (ly:grob-array-length kawuna) 2))
         1.5
         0)))

Sai a haɗa shi da \override NoteColumn.X-offset = #buɗa, ba tare da \once ba. Binciken ly:grob-array? ba ado ba ne: alamar shiru ma tana zama a cikin NoteColumn, ga shi ba ta da kai ko ɗaya, in aka nemi ƙirga abin da babu sai aikin ya tsaya da kuskure. A ganina wannan hanya ta fi tura alamomi da hannu nesa ba kusa ba, domin ko an ƙara sautuka ko an sauya girman takarda, dokar tana nan tana aiki.

Akwai kuma extra-offset, wanda ake ba shi lambobi biyu, na kwance da na tsaye, kamar #'(1 . 0). Shi ne ya fi saurin nuna sakamako, shi ne kuma ya fi haɗari, domin sai an gama duk lissafi yake aiki. In aka sa shi a kan NoteHead, kan alamar zai tafi ya bar sandarsa a baya, kuma babu abin da zai kauce masa. A bar shi don ɗan gyaran ƙarshe, bayan an tabbata kiɗan da girman shafin ba za su sake canzawa ba.

Yayin gwada kowace daga cikin hanyoyin nan, a sa ragged-right = ##t a cikin \layout domin a hana miƙe sahu, ta yadda tazarar da ido ya gani za ta zama ainihin wadda aka lissafa. Idan an gamsu sai a cire shi, a sake duba inda kowane sahu ya yanke, tun da ƙarin gurbi biyu a wuri ɗaya na iya tura sashe guda zuwa sahu na gaba.