Kurakuran sababbin likitocin gashin ƙashi (fisiyo) wajen manya masu sistik faiburosis

Bakina ya gaji da maimaita wa ɗalibai magana ɗaya. Ciwon nan gadonsa ake yi, kuma ya fi yawa cikin Turawa: a Birtaniya kusan jariri 1 cikin 2,500 ake haifa da shi. Majina ce ke yin kauri ta danƙare a huhu, mu kuma aikinmu fito da ita.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne bugun ƙirjin mara lafiya da ƙarfi don majina ta saki, don ni ma na taɓa tafka shi. Ina sabon zuwa wani asibiti a Ingila aka ba ni wata mata, na yi ta ɗirka mata tafin hannu a gadon baya kamar mai bugun shinkafa, wai ni mai ƙwazo. Washegari hoto ya nuna haƙarƙarinta ya tsage. Ashe ƙashinta ya riga ya yi rauni, domin hanjin masu ciwon ba ya tsotsar bitamin D sosai, ni kuwa ko takardarta ban buɗe ba. Zafi ya hana ta tari, majina ta taru, sai da aka kwantar da ita. Tun ranar ba na ɗora hannu a ƙirjin kowa sai na ga gwajin ƙashinsa.

Sai masu cewa "yi tari, ƙara yi!" Haba! Tarin banza matse hanyoyin iska yake. A fara da numfashi a hankali, a ja dogo sau 3 ko 4 ana riƙewa daƙiƙa 3, sannan a huro iska baki buɗe kamar mai son madubi ya yi raɓa. In majina ta hau maƙogwaro, to a yi tarin.

Shekarun tari kan jawo kafaɗu gaba, baya ya soma doro, kuma "miƙe zaune" ba ya gyara wannan. Ni tawul nake naɗewa in shimfiɗa a tsawon ƙashin baya, mutum ya kwanta rigingine ya ware hannuwa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta na shaƙa bayan fitar da majina ake ba da shi, ba kafin ba. Kada ku haɗa masu ciwon biyu a ɗaki ɗaya, suna shafa wa juna ƙwayoyin cuta. Mata kuma ku keɓe su ku tambaya ko fitsari na kufce musu wajen tari, don kunya ba za ta bar su su faɗa ba.