Yadda Ake Ƙera Wasan Tsalle-tsalle Mai Muni da Gangan

Wasan tsalle-tsalle shi ne wasan kwamfuta da ake sarrafa jarumi yana gudu, yana tsallake ramuka daga dandamali zuwa dandamali, irin Super Mario Bros. na Nintendo da ya fito a 1985, ko Sonic the Hedgehog na Sega na 1991. Masu sha'awar waɗannan wasanni sun daɗe suna ƙera nasu, kuma a cikinsu akwai masu munana aikin da gangan domin a yi dariya: jarumi mai karkataccen kai, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, rubutu kuma cike da kurakurai. Mai son shiga wannan fage ya sani tun farko cewa a ido da kunne kaɗai ake yafe muni. Da zarar ya shafi sarrafa jarumin, babu wanda zai yi dariya, rufe wasan kawai za a yi.

Zaɓen manhaja ba abin ɓata lokaci ba ne. Akwai GameMaker da Mark Overmars ya fitar a 1999, akwai Scratch na jami'ar MIT, akwai kuma Godot wadda aka sake ta kyauta tun 2014. Ga wanda bai iya rubuta lambobin manhaja ba, GDevelop ta fi sauƙi, domin tana zuwa da tsarin gudu da tsalle a shirye, gyara shi kawai za ka yi.

Kada ka fara da zane. Ka sa ɗan akwati a madadin jarumi, ka shimfiɗa masa ƙasa, ka yi ta gyara saurinsa da nauyin faɗowarsa har sai hannunka ya gamsu. Ya kamata tsallen ya yi tsawo idan an riƙe madanni, ya gajarta idan an taɓa an saki. Akwai kuma wata dabara da mai wasa ba ya gani amma yana jin amfaninta, wato a bar jarumi ya iya yin tsalle ko da ya riga ya zarce bakin dandamali da kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wanda ya yi daidai da hoto 6 a wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa. Ba tare da wannan sassauci ba, mai wasa zai rantse cewa ya danna a kan lokaci wasan ne ya ci amanarsa. Haka nan akwatin karo, wato iyakar da kwamfuta ke ɗauka a matsayin jikin jarumi, ya zama mai kusurwa huɗu daidai komai karkacewar zanen, na ƙaya da na abokan gaba kuwa ya ɗan gaza girman hotonsu.

Sai bayan wannan za ka saki hannu. Ka buɗe manhajar zane ta Paint, ka yi zane da linzamin kwamfuta, kada ka goge layin da ya kauce, kuma idan farin gefe ya maƙale a jikin jarumin ka bar shi yadda yake. Hoto biyu sun isa su nuna tafiya. Sharaɗi ɗaya ne kawai: a kallo guda a gane abin da ake takawa, da abin da ke kisa, da abin da ado ne. Sautin tsalle da na mutuwa za ka iya yin su da bakinka ka naɗa da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, kuma sau da yawa wannan ya fi kowane zane ban dariya. Sai dai ka daidaita ƙarar, domin mutane da yawa da abin sauraro a kunne suke wasa.

Raha ita ce wurin da aikin ya fi wuya. A 2007 wasanni biyu suka fito da har yau ake koyi da su. A Syobon Action na Japan, wanda aka fi sani da Cat Mario, mai wasa yana tsallake rami sai ya buga kansa da tubalin da ba a gani ya faɗa ciki, lissafin rayukansa kuma ya yi ta sauka har ƙasa da sifili. A I Wanna Be the Guy kuwa, 'ya'yan itace ne ke faɗowa mutum, ya koyi tsallake su ta sama, sai wasu su tashi sama su same shi. Dabarar ɗaya ce: a koya wa mai wasa ƙa'ida har ya saki jiki, sannan a karya ta. Tarkon da ya zo babu shimfiɗa mugunta ce kawai, wanda aka maimaita sau uku kuma ya daina ba da dariya. Saboda haka ka sa wurin farfaɗowa dab da kowane tarko, jarumin ya dawo nan take, domin idan sai an sake dogon mataki bayan kowace zolaya, haushi zai riga dariya zuwa.

Kafin ka saki wasan, ka miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba, ka zauna gefe ka yi shiru. Inda ya yi dariya ka bari, inda ya yi tsaki ka gyara.

Saura batun haƙƙin mallaka. Bayar da wasa kyauta ba ya kare mai shi. A 2016 Nintendo ta sa an janye wasan AM2R, wanda wani mai sha'awar wasanta na Metroid ya shafe shekaru yana ƙerawa, kuma a shekarar ce aka sauke wasannin masoya fiye da 500 daga shafin ɗora wasanni na Game Jolt bisa buƙatarta. Sega ta fi sassauci, har ta yi aiki da Christian Whitehead, wanda ya taso daga cikin masu irin wannan ƙira, wajen fitar da Sonic Mania a 2017, amma sassauci ba izini ba ne. Mafita ita ce ka zana jaruminka, ka raɗa masa sunansa, ka guji ɗauko hoto ko kiɗan wani. Idan ka zo ɗora shi a shafin itch.io ko Game Jolt, ka rubuta madannan da ake amfani da su, ka kuma yi gargaɗi idan akwai haske mai walƙiya ko ƙara mai razanarwa.