Yadda Ake Haɗa Daji, Kurmi da Teku a Tafiya Ɗaya a Tanzaniya

Tanzaniya tana cikin ƙasashe ƙalilan da mutum zai iya, cikin mako biyu, ya kutsa kurmi da ƙafa, ya bi sawun zaki a fili fetal, sannan ya nutsa cikin teku tsakanin murjani. Abin da ke gyara irin wannan tafiya ko ya ɓata ta shi ne zaɓen wata da kuma jeranta wuraren, domin kowannensu yana da lokacinsa.

Fara da takardu. Masu fasfon Najeriya, Nijar da Cadi ba sa samun biza a filin jirgi, sai sun nema ta intanet sun jira amincewar hukumar shige da fice, don haka a nema tun da saura wata biyu. A riƙe katin rigakafin shawara, a kuma ga likita kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

Game da lokaci, a ganina watan Oktoba ya fi dacewa. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, hanyoyi su caɓe, wasu masaukai ma su rufe. A Oktoba kuwa ƙasa ta bushe a kudu, garken dabbobi bai gama barin arewacin Serengeti ba, manyan kifaye kuma sun fara bayyana a gaɓar tsibirin Mafia. Fabrairu ma ba laifi, don a lokacin ne dabbobin ke haihuwa a yankin Ndutu da ke kudancin Serengeti, sai dai mai yiwuwa a sha santsi a kurmi.

A fara da kurmi tun da sauran ƙarfi a gwiwa. Gandun tsaunukan Udzungwa, wanda aka kafa a 1992, ba shi da hanyar mota a cikinsa, komai da ƙafa ake yi tare da ɗan jagora. Daga Darussalam ana bin titin da ya ratsa gandun Mikumi zuwa garin Mang'ula, inda ofishin gandun yake, kuma ba abin mamaki ba ne a ga raƙumin dawa ko giwa a bakin kwalta. Hawa zuwa magangarar ruwa ta Sanje, mai tsayin kusan mita 170, yana cin rabin yini, gumi na tsiyaya, amma daga sama ana hango gonakin rake na kwarin Kilombero shimfiɗe har iya ganin ido. A riƙa ɗaga kai, domin akwai wani biri mai jan tukku da wani birin Sanje waɗanda ba a samun su ko'ina a duniya sai a waɗannan tsaunuka. Takalmi mai kama ƙasa da doguwar safa sun zama dole saboda kwarkwasa. Kwana biyu sun isa.

Daga nan sai arewa. Serengeti ya kai kusan murabba'in kilomita 14,750, saboda haka kada a yi kwaɗayin zagaye shi duka. A zaɓi yanki guda a zauna kwana huɗu. A Oktoba a sauka a ƙaramin filin jirgi na Kogatende kusa da kogin Mara, inda nyumbu, wata dabba mai gemu da ƙahon ɓauna wadda yawanta ya haura miliyan, ke tsallake ruwa tare da jakunan dawa, kadoji na jiran su. Abin yana son haƙuri. Garke kan yi cirko-cirko a bakin gaɓa sa'o'i uku, ya juya ya koma, sai can ɗaya ta yi ƙundunbala sauran su bi ta a guje. A fita da asuba bayan salla, lokacin da zaki da kura ba su kwanta ba. A guji tufafi baƙi ko shuɗi, domin su ne ke jawo tsando. Ƙananan jiragen da ke zirga-zirga a gandun kuma yawanci kilo 15 suke yarda da shi, a jaka mai laushi.

Teku ita ce ta ƙarshe. Mafia, tafiyar kusan rabin sa'a a jirgi daga Darussalam, ta fi Zanzibar natsuwa nesa ba kusa ba, kuma tun 1995 aka keɓe wani ɓangare na ruwanta a matsayin gandun teku. Mafi yawan mazaunanta Musulmi ne, abinci da masallaci ba za su zama abin damuwa ba. Ana nutso a mashigin Chole, inda cikowa da janyewar teku ke tsayar da sa'ar fita, ba agogon baƙo ba. Wanda bai taɓa goya tukunyar iska ba zai iya yin kwas na kwana uku ko huɗu ya sami shaidar sauka har mita 18. Kifin shak mai ɗige-ɗige, wanda ya fi kowane kifi girma kuma ba ya cizo, ana ganin sa a wajen Kilindoni da tabarau da bututun numfashi kawai. A ba shi tazara, kada a taɓa shi.

A bar aƙalla sa'o'i 24 tsakanin nutson ƙarshe da hawa jirgi, domin iskar da jini ya sha a ƙarƙashin ruwa tana iya yin kumfa a jiki idan aka tashi sama da wuri. A ware wannan yinin don shiga kwalekwale zuwa tsibirin Chole, inda saiwoyin ɓaure suka naɗe kangayen tsofaffin gidajen 'yan kasuwa.